Maganaɗisun Baba

"Magana ɗaya ce," in ji Baba, yana bubbuga tsohuwar motarsa da ta shekara ashirin a kan duwatsu. "Ka mayar min da ita kamar ranar da na saye ta. Ƙarfe zalla, ban da cikon fila, ƙullun nan da kuke toshe rami da shi! Zan bi jikinta da maganaɗisu, ka san ba ya kama fila. Inda ya faɗi, maganar aurenka da 'yata Auta ta faɗi."

Mai Guduma, saurayin da ke gyaran bodin mota, ya zagaya motar sau ɗaya. "Na yarda, Baba."

Wata uku yana fama. Ya yanke inda tsatsa ta cinye, ya yi walda da sabon ƙarfe, ya bi da ƙaramar guduma ƙwas-ƙwas har kunnensa ya toshe.

"Wai ni kake nema ko motar?" in ji Auta, ranar da ta kawo masa ruwa.

"Ke mana, zuciyata! Ita ai surukata ce, dole in lallaɓa ta."

Tana cikin dariya ya ɗaga guduma kan wata lotsawa a bayan motar. Caraf ta riƙe hannunsa.

"Don Allah bar wannan... Marigayiya Mama ce ta yi ta, ranar da Baba ke koya mata ribas, ta daki katangar gareji."

"Auta, cewa ya yi kamar sabuwa! In na bari, na rasa ki."

"In ka buge, ka goge mana ita..."

Ya dubi idonta, ya ajiye gudumar.

Ranar gwaji, Baba ya bi ƙofa huɗu da bonet, maganaɗisu na kamawa ɗaf. Da ya zagayo baya, ya tsaya cak.

"Kai! Wannan fa?"

"Ta fi ƙarfin gudumata, Baba."

Tsoho ya sa tafinsa cikin lotsawar, ya shafa ta a hankali. Sai ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Har ta rasu tana rantsuwa katangar ce ta matso! Yaro, da ka taɓa nan, da ko ƙofar gidana ba ka ƙara gani ba. Je ka turo manyanka."

To, Mai Guduma ya samu mata. Baba ya samu mota, da surukin da ba shi da bakin cewa aiki ya yi masa yawa. Wadda ta yi asara ita ce katangar gareji, don amarya ta fara koyon ribas, kuma hannun uwarta ta gado.