Ɗaya-Ɗaya Ake Hawa

Tun da ambaliya ta cinye gadar rafinmu, abin da ya rage mana dogon ƙarfe ne guda, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba. Shi muke takawa in za mu kasuwar Lolo. Dokarsa kuwa kowa ya sani: ɗaya-ɗaya ake hawa. Kafin ka hau sai ka dafa shi, in ka ji yana rawa to akwai wani a kai, ka jira. Ni tsoronsa bai taɓa kama ni ba, don na san halinsa kamar turmina. Inda kake nan yake lanƙwasawa, lanƙwasar ta bi ka har ka sauka.

Ran nan surutun ƙawata Kubura ya riƙe ni a kasuwa, ita ba ta san sallama ba. Na iso bakin rafi ana kiran magariba, da 'yata Hamdiyya mai wata biyar a goye. Na dafa ƙarfe. Shiru, sai sauran ɗumin rana. Na hau.

Ruwa na ta gudu a ƙasa, warin laka ya cika hanci. Ina kaiwa tsakiya na ji ƙarfen ya nutsa fiye da nauyina. Na tsaya cak. Rawar ba ta tsaya ba.

Ina hango ƙarshen ƙarfen sarai, babu kowa. Amma lanƙwasar tana tahowa wurina, taki bayan taki, kowanne ya ɗaga ni ya sauke.

Ta tsaya dab da ƙafata. Kwaɗi suka yi tsit.

"Ku biyu na," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Aje guda."

Ban taɓa ƙirga goyo a matsayin mutum ba.

Girgizar ta ƙaru. Da kowace ɗagawa ƙullin majanyina na sassautawa. Hamdiyya ta zame zuwa ƙuguna.

Na durƙusa, na tallafe ta da hannu ɗaya.

"Ba ni aje ta," na ce. "Nonona taka sha. Jikina ta."

Duk addu'ar da na iya ta gudu, sai bisimilla. Na rarrafa gaba, na ratsa wani sanyi kamar na cikin randa.

Rawar ta ɗauke. Ban ji mai muryar ya koma ba, ban ji ya wuce ba.

Yanzu Hamdiyya shekararta huɗu, lafiya lau, siririya, da hannu ɗaya ake ɗaga ta. Sau biyu ke nan mijina Albashir na canja katakon bencin ƙofar gida, yana ta yi wa kafinta faɗa wai katakonsa ba ƙwari. Ni kaɗai na lura da yadda katakon ke lanƙwasawa in ta zauna, da yadda yake ci gaba da rawa bayan ta tashi, kamar ƙarfen nan na rafi.