Hannun Mai Aski

Gab da magariba Mai Aski ya shiga ɗakin gwajin jijiya, hannunsa na dama rataye cikin ƙyalle kamar mataccen kifi. Shi ne na ƙarshe a layi.

Wannan fa mutum ne da ke cika baki wai zai aske ƙuda yana cikin tashi bai ƙwarzane shi ba. Yanzu ko maɓallin riga sai an saka masa. Tun damina ya faɗi da babur a wata hanya da ba kowa. Yana kwance a kwata wani ya kama hannunsa ya ɗaga shi, da tafi mai sanyi kamar gindin randa. Ya waiga zai yi godiya, bai ga kowa ba. Daga ranar hannun ya daina jin maganarsa.

Masu zuwa aski suka koma tsallaken titi. Matarsa kuma ta ce in ya yi barci hannun nan yana shafa mata maƙogwaro. Ya kira ta maƙaryaciya mai neman hanyar guje wa nakasasshe. Ta kwashe yara ta tafi gidan yayanta.

Likitar dattijuwa ce mai tabarau. Ta yi masa bayani cewa za ta soka siririyar allura cikin tsoka, na'ura ta fito da sautin abin da ke ciki. Lafiyayyen nama shiru yake in yana hutawa, sai an motsa shi yake ƙara. In jijiyar da sauran rai za a iya gyara ta, ya koma kan rezarsa. Ya ce ta soka kawai, wanda ya girma da reza ai allura abin sakace ce a wurinsa. 

Ɗakin na warin magani. Fanka na juyawa tana ƙiƙi-ƙiƙi. Allura ta shiga, bai ji komai ba.

Na'urar ta fara wani sauti, yaf-yaf-yaf, kamar yayyafi a kan kwano. Likita ta ce kukan naman da jijiya ta rabu da shi ke nan. Ta sa shi ya dunƙule hannu. Ya cije, ya yi nishi, har gumi ya keto masa. Ko ɗan yatsa bai motsa ba. Ta sauya wuri, ta sake sauyawa. Yayyafin dai.

Ta cire tabarau. "Malam, sai haƙuri. Jijiyar ta tsinke tun daga tushe. Saƙonka ba ya isa wurin."

Sai yayyafin ya ɗauke.

Wani sanyi ya cika ɗakin, da warin laka irin ta kwata. Na'urar ta ce tak. Ta sake cewa tak. Can ta ɓarke da ruri, irin na ƙosasshen damtse yana aiki.

"Daina motsawa," in ji likita a hankali.

"Ba ni ba ne."

Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. A wuyan hannun fata ta lotsa wuri huɗu, kamar an riƙe shi.

Likita ta fizge wayar lantarkin na'urar daga bango. Fitilar na'urar ta mutu. Rurin bai tsaya ba.

Hannun ya miƙa kan farantin kayan aikin likita ya ɗauki almakashi. Ya riƙe shi daidai yadda Mai Aski ke riƙe reza, har da ɗan yatsan nan da yake ɗagawa don burge mutane. Ya nufi wuyan likita, sannu, da gwaninta.

Mai Aski ya yi salati ya faɗo daga gado, ya danne hannun da duk nauyinsa. Hannun ya yi ta harbi a ƙarƙashinsa kamar zakaran da aka yanka. Likita ta durƙusa ta zare allurar.

Shiru.

Kusa da kunnensa wani ya yi tsaki.

Likita ta rubuta cewa jijiya ta mutu, ta kuma roƙe shi kada ya dawo. Kafin sati ya zagayo hannun ya cika, ya yi ƙarfi, yatsu na wasa. Unguwa ta yi ta zuwa barka, ana tambayar ranar buɗe shago.

Bai buɗe ba. Ya bayar da rezojinsa, ya ɗaure hannun a ƙirji da igiya. Mutane suka ce lalaci ne, ya ɗanɗana zaman banza ya ji daɗi. Ya je gidan yayan matarsa ya gaya mata gaskiyarta ce. Ta dubi igiyar, ta dubi yara, ta ce to tunda ya yarda, ai ya san abin da ya sa ba za ta koma ba.

Har gobe in mutum ya ɗaga haɓa a gabansa, ko da dariya yake yi, sai ka ga igiyar ta miƙe, hannun yana ja.