Makon Baba Direba

"Wallahi ba zan tashi ba!"

Haka na ce ranar da shugabanci ya faɗo kaina.

Ku tsaya ku ji. Kamfaninmu na sabulu ne ya kawo horo, aka haɗa mu huɗu-huɗu. Kowane mako mutum ɗaya ne shugaba, ya kawo matsala a taru a warware. In an kasa, duk an faɗi, ba mai samun takardar shaida. Ni ko firamare ban gama ba, kwali nake liƙewa!

Sakatariya, ɗaya daga cikinmu, ta taɓe baki. "A tsallake ta mana, kar ta ba mu kunya."

"Ba mai tsallake ta," in ji injiniyanmu, wanda nake ce wa Tabarau. "Tashi, Shugaba. In rubutu ne, ni ne hannunki."

Wayyo zuciyata...

Lokacin hutu ya karanta min takardu, ni in koya masa liƙi. Ya liƙe kwali a karkace, na yi dariya har da hawaye.

"Yi abinki, rabin raina. Gobe ma zan karkata shi."

Ashe Sakatariya ma son sa take! Ta je ta gaya wa mamarsa wai matsayi nake nema, shi ya sa na maƙale masa. Mama ta ce in ya ƙara kula ni, ba ta yafe ba.

Ya daina.

Mako biyu, kujera ɗaya ce tsakaninmu. Ina jin ƙamshin turarensa. Ina kallon yatsunsa a kan biro. Ya rame har tabarau na zamo masa, ba damar in ce sannu...

Sai makon Baba Direba, na huɗunmu, ya zo.

"Matsalata ga ta zaune," ya nuna mu. "Wannan ba ya cin abinci, wannan tana liƙi da hawaye."

Malamin horo ya ce, "Baba, matsalar aiki ake nufi."

"Kwali arba'in suka buɗe min a hanya jiya, ɗana. Ba aiki ba ne?"

Baba ya kwashe mu a motar kaya, har da Sakatariya, sai gidan Mama. Takardar shaidarta ta fi mata Tabarau, da bakinta ta ce wa Mama ƙarya ta yi.

Mama ta daɗe tana kallona.

"Ɗago kanki. Shi kike so ko kujerarsa?"

"Mama, ko yau aka kore shi, ni zan ciyar da shi."

"Da liƙin kwali?"

"Na iya sosai, Mama."

Ta fashe da dariya, ta jawo ni jikinta.

Aka sha biki. Yau 'yarmu wata uku, hancinsa sak! Jiya kuma aka ba ni shugabancin layinmu, mutum sha biyu!

Shi kaɗai bai sani ba. An tura shi wani horon, sai jibi. Na hana kowa ya gaya masa a waya.

Fuskarsa nake so in gani.