Zoɓon Ranar Kamu

"Ke dai riƙe, Ikram! Ban ce ki sha ba, riƙewa na ce."

"Safiya, don girman Allah ki kawar min da goran nan..."

"Dubi hannunki fa! Takardar ma rawa take. A haka za ki tsaya gaban mata ɗari biyu?"

Na dubi hannun nawa. Gaskiya ta faɗa.

Ranar kamun Hassana ce, 'yar ƙanwar Ummata, a gidansu na Ƙofar Mazugal. Ni ce babbar ƙawa, don haka ni zan karanta tarihin amarya. Rubutawa bai ba ni wahala ba. Faɗar ce matsalar, domin tun ina ƙarama in na ga taro sai in'ina ta shaƙe ni.

Ƙawata Safiya ce ta fara yi min maganin abin a kwaleji, ranar da zan yi bayani a gaban aji. Ta juye kodin, maganin tarin nan mai sa maye, a cikin zoɓo ta ce in kurɓa. Ranar na yi magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Shekara biyu na yi ina sha, har Umma ta tsinci kwalabe a bayan littattafaina. Yanzu watana goma sha ɗaya rabona da shi.

Umma ta sani, Hassana ta sani. Mika'il ne bai sani ba, shi da kawunnansa za su zo neman aurena ranar Asabar ta sama.

"Na daina, Safiya. Kin san na daina."

"Ai kowa ma ya daina, Malama. Kurɓa biyu ne kawai, ki fita kunyar Hassana."

Ta cusa min goran a hannu, ta fice tana gyara ɗauri.

Ya kamata in juye shi a makwarara. Ban juye ba. Sanyinsa ya ratsa tafin hannuna, yawuna ya tsinke. Haka na fito rumfar ƙofar gida, takarda a dama, gora a hagu.

Guɗa ta tashi, dangin ango sun iso da kwalaben turare. A cikinsu na hango Hajiya Talatu cikin farin leshi. Mahaifiyar Mika'il ce, kuma goggon ango. Dole in je gaisuwa.

Na durƙusa har ƙasa, kaina a sunkuye.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau, 'yata. Kai, wannan zafi na Kano! Sun dire min lemon kwalba, ni kuwa likita ya raba ni da shi." Ta tsaya da fifitar da take yi. "A'a, zoɓo ne a hannunki? Miƙo min, 'yar albarka, shi ke saukar min da hawan jini."

A wurinmu yarinya ko fuskar uwar saurayinta ba ta kallo, balle ta ce mata a'a. Wallahi kafin kaina ya yi tunani hannuwana biyu sun miƙa mata.

Ta murɗe murfin. Ta ce, "Bismillah..."

"Hajiya, kar ki sha!"

Ban san na miƙe ba. Sai dai na ji hannuna ya doki goran. Ya yi sama, ya dawo, jan zoɓo ya wanke farin leshin tun daga ƙirji har cinya.

Mai kiɗa ya kashe lasifika.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Ke! Kina da hankali kuwa?"

"Talatu, wannan ce surukar da kike ba mu labari?"

Can gefe na ga Umma ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe. Safiya kuwa ta sulale ta bayan kujeru.

Ƙarya ta zo min har kan harshe. In ce ƙuda na gani a ciki. Da an yi min faɗa, an kira ni marar natsuwa, shi ke nan.

Hajiya ta kai yatsunta hanci ta shinshina. Ta ɗago ta dube ni.

"Mene ne a ciki?"

"Ko... ko... kodin ne, Hajiya."

"Kodin! Ke ya aka yi kika sani?"

"Na sha. Shekara biyu ina sha. Watana goma sha ɗaya da dainawa."

Wata tsohuwa ta shiga tafa hannu tana salati.

"To wanda ya daina, me ya kawo shi hannunsa?"

"Ba ni shi aka yi, don kar in yi in'ina." Hawaye suka zubo min. "Ban sha ba... amma ban zubar ba. Ni kaina ban san abin da zan yi da shi ba, Hajiya."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe jikinta.

Mai gabatarwa, don ta kawar da zancen, ta ɗaga murya: "To, ina babbar ƙawa? Tarihin amarya!" Sai da ta faɗa ta gane ni ce. Ta rufe baki da hannu.

Na so ƙasa ta tsage. Sai Hassana ta ɗage mayafinta kaɗan, abin da amarya ba ta yi kafin a kama ta, ta ce, "Ikram, ke nake jira."

Na karɓi makirfo. Sau uku na maƙale a kan sunanta. Wasu 'yan mata suka ƙyalƙyale a baya, na ji su sarai. Na ci gaba. Na faɗi shekarar da ta sauke Alƙur'ani, na faɗi ranar da ta ƙona tuwon mutum goma saboda tana waya da ango. Aka yi dariya, wannan karon ba ni ake wa ba. Na kai ƙarshe gumi na bin bayana. Ban taɓa gama magana a taro da hankalina ba sai ranar.

Ko da na sauko, kujerar Hajiya ba kowa.

Na ruga bakin layi. Tana cikin mota, Mika'il da ya kawo ta yana tsaye riƙe da ƙofa. Fuskarsa kamar wanda aka yi wa mutuwa.

"Da gaske ne?"

"Da gaske ne."

"Wata takwas, Ikram! Wata takwas ina zuwa zaurenku... har tsoron kyankyasonki na sani, amma ban san wannan ba?"

"Tsoro nake ka tafi."

Ya shiga mota ya tafi.

Kwana biyar wayata ba ta yi ƙara ba. Umma na tankaɗe ta ce, "Da kin ce ƙuda ne..." Sai ta ajiye rariyar ta fashe da kuka. "A'a. Gara da kika faɗa, 'yata. Na gaji da ɓoyo ni ma."

Ranar Alhamis bayan la'asar saƙon Mika'il ya shigo: "Ina zaure."

Yana zaune kan tabarma, baƙar leda a gabansa. Ya rame.

"Na yi fushi," ya ce. "Har yanzu ma da saura."

"Na sani."

"Mata uku suka je har gidanmu na Goron Dutse suka ce wa Hajiya a fasa."

Na ɗago kai. "Me... me ta ce?"

"Ta ce leshinta ya tashi aiki, an wanke sau uku bai fita ba."

"Mika'il, don Allah!"

"Ta ce da kin yi shiru da ta shanye tas, kuma ba wanda zai san komai. Ta ce yarinyar da ta tona kanta a gaban mata ɗari biyu don kar tsohuwa ta cutu, ita take so a gidanta."

Na toshe baki da mayafi.

Ya buɗe ledar. Gora ne, ja wur, yana raɓa. Na ja da baya ba shiri.

"Ita ta dafa da kanta. Citta ce da kanumfari da ɓawon abarba, ba komai bayan su. Ta ce daga yau duk bikin da za ki, ki biya ta gida ki karɓi naki, kada wani ya sake samun hannunki ba komai a ciki."

"Kai fa?" na ce. "Kai me ka ce?"

"Ni sharaɗina ɗaya, Ikram ɗita. Ranar da kika ji kina son abin nan, ni za ki fara kira. Ko ina tsakiyar koyarwa a aji ne."

"Ranar za ta zo fa... ba sau ɗaya ba."

"Na sani. Su Kawu Ɗahiru ma suna nan zuwa jibi."

Wata goma sha ɗaya ko kallon zoɓo ba na yi. Na murɗe murfin. Na yi bismillah na kurɓa.

Citta ta yi yawa. Na ƙware, ina tari, ina kuka, ina dariya.

"Kar ka faɗa wa Hajiya!"

"Wallahi sai na faɗa," in ji shi, yana share nasa idon.