Cokali Ɗaya Na Ƙasar Kango

Ana kiran magariba ƙamshin ya shigo gidan, ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, alhali ko ɗigo bai sauka ba. Auta, 'yar shekara tara, tana zaune kan tabarma, sai ta fara juyi daga ƙugu zuwa sama, a hankali, ba tsayawa.

Kwana shida ke nan ana haka. Kaka ta rantse maƙwabciya ce, ai tun rigimar kwata take musu kallon banza. Maigida ya daina gaisawa da kowa a layin. Uwar Auta kuwa ta san ƙamshin nan, ta kuma san juyin.

A ɗakin gwaji na kamfanin magani take aiki, kullum cikin farar riga. Shekara uku tana ɗebo ƙasa nan da can, tana neman wata ƙwayar halitta mai tsiro zare-zare. Cikin romo ake renonta a kwalba, inji yana juya ta dare da rana don ta sha iska. In aka tsaya, zaren ya dunƙule ya shaƙe. Sai abincin romon ya ƙare, yunwa ta taɓa ta, sannan take fitar da maganin. Ƙasar ko'ina ta ƙi, sai cokali ɗaya da ta kankaro a kangon bayan gidansu, da magariba, ko bisimilla babu.

Malamin ruƙiyyar da aka kira ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsoho.

"Me yarinyar nan ta yi maka?" in ji Malam.

"Tambayi mai farar riga. Ta ɗebe mana daɓen ɗaki da jikokina a kai. Ana juya su, ana hana su abinci. Yadda ake juya nawa, haka zan juya nata."

Kaka ta saki salati. Duk ido ya dawo kan uwar, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Magani ne," ta ce. "Yaran mutane zai ceta."

"Mayar min da su. Duka."

Washegari ta kashe injin da hannunta, ta tsiyaye wahalar shekara uku a kangon tana hawaye. Auta ta tsaya cak, har ta nemi abinci.

Sai dai mai hali ba ya fasa halinsa. A aikinsu ba a reno ba tare da an ajiye iri ba, kuma akwai 'yar kwalba ɗaya, ba ta kai ɗan yatsa ba, a ƙasan firiza. Daskararre ai ba ya juyi, haka ta gaya wa kanta.

Magariba ta yi, gari zafi kamar tanda. Auta ta jawo bargo ta ƙudundune, haƙoranta na haɗuwa. Maigida ya juyo a hankali ya kalli matarsa.

"Mama," in ji yarinyar, "wa kika bari a cikin sanyi?"