Liyarin Tsohuwar Rijiya

A zamanin da ayarin Azbin ke ratsa ƙasar Dakoro, an yi wani maƙerin fari a Ɗan Gulbi, sunansa Abarci. Duk liyarin azurfa da ya tsufa har fuskar matar da ke jikinsa ta shafe, fatake suka ƙi karɓa, shi sai ya saya ya adana cikin tandu. Ba ya narka su. Kallonsu kawai yake yi.

Ranar da aka yashe tsohuwar rijiyar gari, guga ya fito da wani liyari, sumul kamar dutsen gulbi. Al'adar wurin, in ban da laka, duk abin da rijiyar ta bayar sai a mayar mata. Abarci ya sani. Ya take shi da ƙafa har mutane suka watse, sannan ya ɗauka ya jefa cikin tandunsa.

Da magariba matarsa Azumi tana kwasar tuwo, sai tsakuwa ta faɗo tsakar gida, jiƙe sharkaf. Wata ta biyo ta. Kaji suka yi tsit. A gindin rumbu ɗiyarsu Rahamatu ta zauna tana shafa kuncinta da babban yatsa, a hankali, ba tsayawa.

"Rahamatu, mi ya same ki?" in ji Azumi.

Yarinyar ta ci gaba da shafar kuncinta.

Kwanaki suka shuɗe, fatar kuncin ta fara salewa. In an riƙe hannu ɗaya, ɗayan ya ci gaba. Abarci yana gani, amma kunyar gari ta ɗaure masa baki.

Aka kira Malam Zakariya'u. Ya turara ɗakin, ya daɗe yana karatu, sannan muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ni ce mai rijiya."

"Mi yarinyar nan ta yi miki?" Malam ya tambaya.

"Ba komi. Wata 'yar Fulani ta faɗo mini da liyari a wuya, na kasa ceton ta. Tun sannan nake shafa fuskar da ke jikinsa ina tuna ta. An ɗauke mini. To, na sami wata fuskar."

Abarci ya durƙusa, ya zazzage tandunsa. "Ni ne, Malam." Sai dai liyaran duk ba fuska, ya kasa gane nata. "Ki kwashe duka, ki bar mini ɗiyata."

"Ka ɗauka ni ma ɓarauniya ce? Nawa nake so."

Hannun Rahamatu ya miƙa, ya zaro ɗaya ba tare da ta duba ba.

"Ki fita tukuna," in ji Malam.

"Sai na ji shi a ruwa. Kuma wanda ya ɗauka, shi zai mayar, da rana, a gaban jama'a."

Haka aka yi. Liyarin na taɓa ruwa, Rahamatu ta yi atishawa ta nemi fura.

Ta warke, amma tabo ya zauna a kuncinta, sumul, faɗin liyari. Har Abarci ya rasu, in tana yi masa magana, ƙasa yake kallo.