Tsohuwar da Ta Tsani Turanci

Mastura na zaune a falonsu na unguwar Hindawiyya a Jidda, shayi ya huce a gabanta, idanu sun yi jawur. Saurayinta Abdulghaffar ne ya kawo mugun labari: kakarsa, wadda suke kira Dadi, ta ce atafau jikanta ba zai auri malamar Turanci ba. Ba don Mastura Bahaushiya ce shi Ba'indiye ba, ai tsohuwar ta tsufa cikin maƙwabta Hausawa. Turancin ne ba ta ƙaunar ji.

Shi ya ba ta tarihin. Lokacin da Turawan Ingila ke mulkin Indiya, sun tsara makarantu don su ƙera 'yan ƙasa masu tunani irin nasu. Mahaifin Dadi ya shiga kwalejinsu, ya fito yana jin kunyar harshen Urdu. Ya hana yin sa a gida, ƙarshe ya saki matarsa don ba ta iya gaida baƙinsa da Turanci ba. Dadi na ƙarama aka raba ta da uwa, har abada.

Kawunta ya ce halas, magana ta ƙare, ta nemi wani, maza ba su ƙare a Jidda ba. Mastura ta ce za ta jira, shi ma Abdulghaffar ya ce ba aure sai da albarkar kaka. Shekara ta zagayo, yarinya ta rame, kuka kam ta sha shi.

Wata safiya a makarantar 'yan Indiya da take koyarwa, wata sabuwar ɗaliba ta amsa tambaya da Urdu, aji ya fashe da dariya. Mastura ta tsawatar musu, ta durƙusa ta ce yarinyar ta koya mata kalmar, ita kuma ta koya mata ta Turanci. Tana ɗagowa sai ga Dadi a bakin ƙofa kan keken guragu, ashe ta matsa a kawo ta ta gani da idonta.

"Ba ki dake ta ba?" in ji tsohuwar cikin Larabci.

"Don me, Dadi? Harshen uwarta ne fa."

Dadi ta riƙe hannunta, hawaye na zuba. "Da ke kika koyar da babana, da na girma a gaban uwata."

A ranar ta sa albarka. Allah bai nufa ta ga bikin ba, ta rasu ana cikin shiri, Mastura ta yi kukanta kamar ita ta haife ta. Haƙuri ya ba ta miji, kuma ilimin da zai sa mutum ya raina uwarsa ba abin nema ba ne.